Ku Tambaya Mu Amsa: Motar Faransa mai tashi tsaye da kanta, da maganar 504

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wanga mako. Saƙonnin da suka taru yawancinsu kan tsofaffin motocin Faransa ne, to sai na tsamo biyar na haɗa su wuri guda, masu tambayar batir da sola ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Slm malam, dan Allah akwai wani bidiyo da ke yawo a TikTok, wata tsohuwar mota ce doguwa ta kwanta har cikinta na neman taɓa ƙasa, mutumin yana tada ta sai ta ɗaga sama da kanta, daga baya ma aka cire tayar baya guda ta ci gaba da tahiya da uku. Ni na ce ma abokaina haɗin kwamfuta ne su kuma sun dage wai gaske ne. Wa ya yi gaskiya? Daga wani ɗalibi a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. To wannan karon dai abokanka sun kada ka, ba haɗin kwamfuta ba ne, motar sunanta Citroën DS kuma abin da ka gani aikinta ne na yau da kullum. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Paris cikin Oktoba 1955, shekara biyar kenan kafin Nijar ta samu 'yancin kai, kuma a ranar farko kaɗai mutum 12,000 suka ba da suna suna so. An yi ta ƙera ta har 1975, an fitar da sama da miliyan 1 da dubu 400.

Mutum uku ne suka ja ragamar aikin. Flaminio Bertoni ɗan Italiya, asalinsa mai sassaƙa ne, shi ya fitar da siffar jikin. André Lefèbvre injiniya ne da ya fara sana'a wajen masu ƙera jirgin sama, shi ya sa ransa kullum yana kan rage nauyi da yadda iska ke bin jikin abu. Sai Paul Magès, wanda shi ne mai wancan tashi da kwanciyar da suka ba ka mamaki.

Ga yadda abin yake. Motar da ka saba gani tana zaune ne kan sifirin na ƙarfe da shok. DS ba ta da sifirin ko guda. Kowace taya tana da wani ƙwallon ƙarfe, an raba cikinsa biyu da roba, ɓangare ɗaya iskar naitirojin ce a matse, ɗayan kuma man haidurolik ne. In taya ta hau tudu sai man ya tura robar iskar ta matsu, in ta sauka iskar ta sake buɗewa, to iskar ce ke yin aikin sifirin kuma ta fi ƙarfe laushi nesa ba kusa ba. Akwai famfo da injin ke juyawa yana cusa man da ƙarfi, in aka kashe mota ta jima a ajiye sai ƙarfin man ya riƙa sauka a hankali motar ta kwanta, kana tada injin famfo ya kama aiki sai ka ga ta miƙe kamar raƙumin da aka gama ɗora ma kaya. Kuma ko ka cika bayanta da buhunan gero ba za ta sunkuya ba, akwai wasu bawul da ke jin ta yi ƙasa su ƙara mai har ta dawo daidai tsayinta.

Direba kuma yana da wani hannu kusa da ƙafarsa da zai ɗaga motar in hanya ta ɓaci. Da shi ake canza taya ba tare da jak ba, ka ɗaga ta har ƙarshe, ka sa mata wani ƙarfen tokara a gefe, ka saukar da ita, sai tayoyin wannan gefen su rataye sama da kansu. Maganar taya uku kuwa, nauyin motar mafi yawa yana gaba ne, injin da giya duk suna can kuma tayoyin gaba ne ke ja, sannan tazarar tayoyin gaba ta fi ta na baya faɗi, shi ya sa in an cire ta baya guda takan iya lallaɓawa a hankali. Kar wani ya je ya gwada da Corollar babansa ya ce a filin nan ya karanta.

Sai dai ka sani, man nan guda shi ke riƙe da birki da sitiyari da kuloci da canjin giya. Birkin ma ba feda ba ne, wani ɗan maɓallin roba ne a ƙasa da kake taɓawa da ƙafa kaɗan motar ta tsaya cak. Daɗin tuƙi ba a magana, amma in bututu ɗaya ya fara yoyo to ka shiga uku, kuma kamfanin ya ɓoye sirrin motar sosai kafin fitowarta har makanikan Faransa su kansu sun sha wuya da ita a shekarun farko. Man farko ja ne yana jan ruwa yana cinye kayan ciki, sai a 1966 suka canza zuwa wani kore da ya fi lahiya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Muna yara malaminmu na tarihi ya ce wai mota ce ta ceci De Gaulle, shugaban Faransa na da, daga masu son kashe shi, gaskiya ne ko dai labarin aji ne? Daga wani malamin makaranta a Tasawa.

AMSA: Malam gaskiya malaminku ya faɗa, kuma motar ita ce dai wagga DS ɗin. Ranar 22 ga Agusta 1962 ne a wani wuri da ake kira Petit-Clamart kusa da Paris, 'yan ƙungiyar OAS da suka fusata saboda ya yarda Aljeriya ta samu 'yanci suka yi masa kwanton ɓauna yana hanyar filin jirgi shi da matarsa. Harsasai sun samu motar, tayoyi biyu suka fashe, amma direban ya iya riƙe ta ya taka wuta suka fice, ba wanda ya mutu a cikinta. Kwana dai bai ƙare ba, ga kuma direba gwani, amma motar ma ta taimaka tunda ba ta kife ba kuma ba ta fizge sitiyari ba. Shi ne dai De Gaulle ɗin zaɓen i ko a'a na 1958 da tsofaffinmu 'yan jam'iyyar Sawaba ba su manta ba.

TAMBAYA: Salam. Ni tambayata mi ya sa motocin yanzu duk suka zama iri ɗaya ne? In na fito daga kasuwa wlh sai na duba lamba kafin in gane tamu, Toyota da Hyundai da Kia duk jiki ɗaya mai santsi gaba a sunkuye. Motocin da ko daga nesa ka san wagga Peugeot ce waccan Marsandi. Daga wata Hajiya a unguwar Ali Dan Sofo.

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, kuma tambayarki ta zo daidai gaɓa domin in ana neman wanda za a ɗora ma laifin wanga kama, to DS tana sahun gaba.

Kafin ita, yawancin motoci gabansu a tsaye yake, lagireto ya tokare gaba da ƙaton raga, fitilu sun fito waje, rufi a miƙe. DS ta zo da hanci a sunkuye mai tsini, ba ragar lagireto a fuska, iskar sanyaya injin ta ƙasa take shiga, an lulluɓe cikinta ta ƙasa, bayanta ya tsuke, har tayoyin baya an rufe rabinsu. Ba don ado kaɗai ba. Injin da aka sa mata tsohon zubi ne da ta gada daga yayarta Traction Avant ta 1934, ƙarfin doki 75 kacal, amma saboda iska ba ta tare ta tana kaiwa kilomita 140 a awa. Ita iska haka take, in kika ninka gudu biyu ƙarfin da take turo ki da shi ninki huɗu yake yi, to duk isansin da kike ƙonawa kan kwaltar Maradi zuwa Ƙonni kaso mai yawa wajen ture iska yake tahiya.

A lokacin sauran kamfanoni kallonta kawai suka yi, isansi na da arha, musamman a Amurka. Da rikicin man fetur na 1973 ya zo farashi ya haura sai kowa ya koma neman siffar da ke shan mai kaɗan, zuwa 1982 ga Audi 100 ga Ford Sierra duk sun fito da jiki mai sulɓi, daga baya Toyota Prius ta ƙara tsuke abin, yanzu kuma masu aiki da lantarki sun fi kowa tsoron iska tunda ita ke cinye musu caji. Kowane kamfani yana kai motarsa ɗakin gwajin iska, kuma iskar Japan da ta Koriya da ta Jamus amsa guda suke bayarwa. Ki ƙara da dokokin kare rai, na yadda gaba zai lotse in an yi karo da tsayin bonet saboda mai tahiya a ƙasa, sai ki ga filin da ya rage ma mai zane bai wuce fitila da tambari ba.

Ba siffa kaɗai ta bari ba. Birki mai faifai da ke tayoyin gaban motarki, DS tana cikin na farkon da suka kawo shi cikin motar da ake ƙerawa da yawa, lokacin a motocin tsere aka fi saninsa. A 1967 aka sake mata fuska, fitilu huɗu cikin gilashi, biyu na ciki suna juyawa tare da sitiyari su haska kwana kafin ki shiga, Amurka ma hana su ta yi a lokacin, yau kuma shi ne abin da ake tallar manyan motoci da shi. Sitiyarinta hannu guda gare shi don kar ya soki ƙirjin direba in an yi hatsari, siginar baya kuma can sama take a kusurwar rufi inda na bayanki zai gani. Rolls-Royce sun sayi izinin amfani da fasahar haidurolik ɗinta a Silver Shadow ta 1965, Marsandi ma sun sa irinta a babbar 450 SEL 6.9 ta 1975. Kai ko nan cikin gari, wasu manyan Land Cruiser da Lexus LX na alhazai da kike gani ana danna maɓalli su ɗaga su sauka, man haidurolik ne da ƙwallayen iska, dabarar Magès ce aka ƙara mata kwamfuta. Da aka yi zaɓen motar ƙarni a 1999 ita ta zo ta uku bayan Ford Model T da Mini.

Shawara dai Hajiya, a manna wata 'yar alama a gilashin baya.

TAMBAYA: Yaro ina yi maka sallama, jikana ne ke rubuta mini. Na yi shekaru ina jan Peugeot 404 daga baya 504 familiyal, Maradi Katsina Kano, wani lokaci Damagaram. Ina jin yara suna yabon wasu motocin turawa da ban taɓa gani a tasha ba. Ni a sanina ba a yi motar Faransa kamar 504 ba kuma ba za a yi ba. Mi ka ce? Daga wani tsohon direba a Sabon Gari.

AMSA: Baba ina wuni, Allah ya ƙara lahiya da nisan kwana. Ni wa ne ni in yi gardama da wanda ya ci tuwo da ita. Amma tunda kun ce in faɗi, ga abin da nake gani.

504 ta fito a 1968, shekara ta gaba aka ba ta kambun motar shekara a Turai. Gidan zane na Pininfarina na Italiya ne suka fitar da siffarta kamar yadda suka yi wa 404 a 1960. Ba ta zo da wani sabon abin al'ajabi ba, injin a gaba, tayoyin baya ke turawa, farfela tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri da ke kare ta, sifirin dogaye masu nisan tahiya, ciki kuma a ɗage yadda tudun tsakiyar hanya ba ya dukan ta. Wannan ne ya sa take shanye gargadar hanyar burji ana zaune ana hira. Ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 da 1978, 404 kuwa ta ci shi sau huɗu cikin shekarun 1960, kuma ku kun san hanyar da aka ci tsere a kanta ba ta fi ta Dakoro ta da muni ba.

Abin da ya ƙara mata ƙarfi a wajenmu shi ne Kaduna. Tun 1975 kamfanin Peugeot na Najeriya ya fara haɗa motoci a can, gwamnatinsu ta mai da 504 motar ma'aikata, sai kayan gyara suka cika Kano, daga Kano su biyo Katsina da Jibiya da Dan Issa su sauka garejin Maradi. Turai sun daina ƙera ta a 1983 amma Kaduna ba su daina ba sai wajen 2006. Yaron gareji da bai yi lakwal ba yana kwance kaburatarta ya wanke ya mayar ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, da sifana da sukundireba da kunnensa kawai.

To a nan ne nake raba su. In ana maganar wadda masu zanen mota na duniya suka kwaikwaya, DS ce, 504 ba ta kusa. In ana maganar wadda ta kai mai naƙuda asibiti daga ƙauye ta kai gyaɗa da fatu kasuwa, ta ku ce Baba, DS ba za ta yi damina biyu a hannunmu ba, ƙura da zafi za su cinye robobinta kuma ba mai man da take sha a Gidan Rumji. Abin da ke ɗan ba ni haushi shi ne motocin yau sun ɗauko daɗin DS sun haɗa da ciwon kanta, komai an ɗaure shi da komai, sensa guda ta mutu mota ta ƙi tashi, sai an nemo mai kwamfuta ya jona ya karanta. Halin 504 na a gyara ni ko'ina kuwa kusan ba wanda ya gada sai irin su tsohuwar Hilux da Land Cruiser ta daji, shi ya sa ma su suka karɓe hanyoyin da bashe, wato a-kori-kurar Peugeot, ke bi da. Peugeot sun dawo da a-kori-kura mai suna Landtrek a 2020 suna neman kasuwar da suka saki, amma kun san wanda ya tashi daga rumfarsa a kasuwa ba lalle ya tarar da ita ba kowa.

Wani abin dariya, tun 1976 Peugeot da Citroën gida ɗaya ne, Citroën ta karye a 1974 Peugeot ta saye ta. Mai dabara ya ci bashi, mai haƙuri ya biya.

TAMBAYA: Malam mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar 504 salun a gida, ta fi shekara goma ba ta motsa ba, kaji ma sun mai da ƙarƙashinta gida. Masu sayen ƙarfe sun zo sun taya. In sayar ko in gyara? Daga wani matashi a Tibiri.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kafin komai ɗan'uwa, motar nan gado ce, ka zauna da sauran magada da iyayenku mata a yi magana a fili, ko a yi mata kuɗɗi ka biya su rabonsu ko a yarda a sayar a raba, kar gyaran mota ya ɓata zumunci.

In an wuce nan, abin da zai yanke maka hukunci bodi ne, ba injin ba. Injin 504 ana samun kayansa har yanzu in an bincika Kano, amma bodin da tsatsa ta cinye kuɗɗinsa ba ya ƙarewa. Ka ɗage tabarmar ƙasa ka duba inda ƙafa ke zama, ka duba cikin but wajen safaya taya, ƙasan ƙofofi, da wuraren da ake kafa jak, ka ɗan soka sukundireba, in yana shigewa a wurare da yawa to ka haƙura. Sa'arka ɗaya busasshiyar ƙasa muke, motar da ta zauna nan ta fi wadda ta zauna Kwatano lahiya sosai.

In bodin na da kyau kar ka yi gaggawar sa batir ka murza makulli. A zubar da tsohon isansi a wanke tanki, a cire filogi a ɗiga ɗan baƙin mai cikin kowane rami a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da hannu a ji ko ya kama. A canza baƙin mai da tiyon lagireto da bel, wayoyi a bi su ɗaya bayan ɗaya saboda ɓera, birki kuwa a sake robobinsa da mansa gaba ɗaya, tayoyi ko sun yi kyau a ido sun mutu. Ka nemi tsohon bakanike wanda ya yi zamaninta, akwai su har yanzu, yaran yanzu da yawa ba su taɓa saita kaburata ba. Kuma ka lalubo takardunta tun da wuri.

Kar wani ya ruɗe ka da cewa turawa za su saye ta da miliyoyi, waɗanda suke tsada can su ne masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen rufi, salun irin taku an yi ta da yawa. In ma sayarwar ce ta kama, kar ka ba masu awo a kilo, fitilun gaba da na baya da gilasai da tambarin zaki da dashbod in ka cire su daban masu 504 da suka rage za su biya ka fiye da abin da mai ƙarfe ya taya motar dukanta.